Sharlo na gaskiya da Sharlo na jabu

Duk wanda ya taɓa shiga gidan sinima ya san Sharlo: ɗan gajeren mutum mai guntun gashin baki, da malfa, da burgujejen wando, da manyan takalma, da sanda a hannu. Sunansa na gaskiya Charlie Chaplin, mutumin Ingila, kuma a shekara ta 1914 ne ya fara fitowa cikin wannan shiga a Amurka. A zamanin nan fim ba ya magana. Tun da ba a jin murya, da tufafi da tafiya ake gane mutum, kuma kowa na iya ɗinka tufafi.

Chaplin ya ci ribar wannan ruɗani cikin finafinansa. A The Idle Class, na 1921, matar wani attajiri ta ɗauki matsiyacin nan a zaman mijinta, a wurin wani bikin ɓad da kama. A The Pilgrim, na 1923, ɗan kaso ne ya tsere, ya saci kayan wani fasto, mutanen gari suka tarbe shi da girmamawa, har suka tsayar da shi ya yi musu wa'azi.

To amma dabarar da ke ba ƴan kallo dariya ita ce ta buɗe ƙofa ga masu cin kasuwarsa. A 1916 kamfanin Mutual ya ɗauke shi a kan dala 670.000 a shekara. Inda kuɗi irin wannan suke, ƴan kasuwa sun sani, jabu ba ya nisa. Masu gidajen sinima na neman Sharlo kowane mako, shi kuwa yana ƙara jinkiri wajen aiki. Sai Billy West ya cike giɓin, yana kwaikwayonsa tun daga malfa har takalma, Oliver Hardy na fitowa a matsayin mugun ƙato. Stan Laurel ma, tsohon abokin aikinsa a ƙungiyar Fred Karno, ya ci abinci da kwaikwayonsa a dandalin wasa.

Wanda ya wuce gona da iri shi ne Charles Amador, wanda bai tsaya ga tufafi ba, har ya raɗa wa kansa suna Charlie Aplin. Chaplin ya kai ƙara a Kaliforniya. Lauyoyin Amador suka ce ai malfa da sanda da gashin baki ba na kowa ba ne, wasu ƴan wasa sun riga shi amfani da su. Hujjar ba ta banza ba ce. Sai dai alƙalai sun duba wani abu dabam: shin mai sayen tikiti ya san abin da yake saye? A 1925 aka hana Amador wannan suna da yaudarar jama'a, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1928.

A shekarar nan ta 1928 kuma Chaplin ya fito ba shigar Sharlo cikin fim ɗin Show People, ya roƙi jarumar, Marion Davies, ta sa masa hannu a littafi. Bisa labarin fim ɗin, ta sa hannun da ƙyar, ba ta gane shi ba.