MAI YASAR RIJIYA DA CIWON FIRGITA: KO YANA IYA KOMAWA AIKI?

Idan rani ya yi nisa a gundumomin Tasawa da Mayahi, ruwa yakan ja baya cikin rijiyoyi. Rairayi ya cika gindi, guga ya riƙa fitowa da laka. Wata rana igiya ta tsinke wasaki ya nutse, ko akuya ta faɗa ciki ta ɓata ruwan gari. Ran nan dole wani ya sauka.

Wannan aiki ba na kowa ba ne. A kwarin Gulbin Kaba ruwa yana kusa. Amma bisa tudu, kamar wajen Urafan ko arewacin Mayahi, rijiya takan kai metir 40 ko 50, wata ma ta zarce. Bayan da gwamnati ta kafa ma'aikatar OFEDES a 1963, an gina rijiyoyin siminti da yawa cikin karkara. Siminti ya rage rushewa, amma bai rage zurfi ba, bai rage duhu ba. Mai yasa yana sauka da igiya, ya tsaya cikin ruwa mai sanyi. Wani lokaci sai ya riƙe numfashi ya yi nutso domin ya kwaso rairayi ko ya lalubo guga. In ya ɗaga kai, bakin rijiya bai fi girman dala ba.

Akwai mutumin da ya yi shekara 10 ko 20 yana wannan aiki bai taɓa jin komi ba. Rana ɗaya yana ƙasa sai gabanshi ya faɗi. Zuciya ta kama bugawa kamar ganga. Numfashi ya yi wuya, zufa ta karyo, hannuwa su yi sanyi suna rawa. Ya ga kamar bango zai haɗe da shi, ya tabbata mutuwa ce ta zo. Ya yi kururuwa a jawo shi. Bayan ya huta sai abin ya wuce. Amma bayan kwanaki sai ya dawo mishi a kasuwa, ko cikin mota, ko da dare bisa tabarma. Daga nan ko leƙa rijiya ba ya iyawa.

Mutanen gari ba su rasa abin cewa. Wasu su ce ya zama raggo. Wasu su ce iskan rijiya ne ya taɓa shi. Shi kuwa kunya ta hana shi magana, ga abincinshi ya yanke, ga gari ba shi da mai sauka.

Wannan ciwo ne, likitoci sun san shi

Ana iya kiran shi ciwon firgita. Jikin mutum yana da shiri na gudun haɗari: in ya gamu da maciji zuciya takan yi sauri, numfashi ya ƙaru. Ga mai ciwon firgita wannan shiri yakan tashi ba maciji ba komi. Yakan yi tsanani cikin minti 10, galibi ya lafa kafin rabin awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da cututtukan fargaba iri iri, wato wajen mutum 4 cikin 100. Cikinsu akwai sojoji da direbobi da malamai. Ba ragwanci ba ne.

Firgitar kanta ba ta kisa. Abin da take sa mutum ya yi shi ne haɗari. A gona sai ya zauna gindin gawo har ta wuce. Cikin rijiya kuwa yana iya sakin igiya, ko ya shaƙi ruwa.

Ba masu rijiya kaɗai ke da wannan damuwa ba. A ƙasashen bakin teku akwai masu nutso da tulun iska goye a baya, suna numfashi ta tiyo a ƙarƙashin ruwa. Wasu Faransawa biyu, Kusto da Ganya, su suka gyara wannan na'ura a 1943. Kafin a koya wa mutum irin wannan nutso, sai ya cika takardar lafiya, kuma cikin tambayoyin akwai ta firgita. Dalili shi ne wanda ya firgita a ƙasan teku yakan fizge tiyo daga bakinshi, ya yo sama da gaggawa riƙe da numfashi, iska ta kumbura ta yaga mishi huhu. Duk da haka likitocinsu ba su cewa mai ciwon ya bar ruwa har abada. Cewa suke ya yi magani tukuna, ciwon ya kwanta, ya sake farawa a ruwa marar zurfi tare da abokin da ya san halinshi. Mai yasar rijiya ba ya da tulun iska, amma wannan dabara ta yi daidai da shi.

A fara da gidan likita

Ba a hana kowa addu'a ba, tana kwantar da hankali. Amma a haɗa da zuwa likita, ta ƙauye ko babban asibitin Tasawa ko na Mayahi. In abin ya fi ƙarfinsu sai su tura mutum Maraɗi. Amfanin zuwa shi ne akwai cututtukan da ke kama da firgita alhali ba ita ba ce: ciwon zuciya, fuka, ƙarancin jini. Akwai kuma farfaɗiya. Mai farfaɗiya kada ya sauka rijiya ko kaɗan.

Maganin firgita iri biyu ne. Na farko magana ce da horo: a fahimtar da mutum abin da ke faruwa a jikinshi, a koya mishi numfashi. Ya ja iska ta hanci yana ƙirga 4, ya sake ta sannu yana ƙirga 6. Ya riƙa yin haka kullum yana lafiya, domin ba ranar tafiya ake gyaran sirdi ba. Na biyu ƙwayoyi ne da ake sha kullum. Sukan yi sati da yawa kafin su kama jiki, kuma ba a barin su farat ɗaya sai da izinin likita. Wasu ƙwayoyin suna sa barci da jiri. Wanda ke shan irin waɗannan ya faɗa wa likita aikinshi, kada ya sauka.

Abin da ya fi muni shi ne Tramol na ƴan tebur. Samari suna cewa yana ba da ƙarfin hali. Yana kuma iya kada mutum da jijjiga kamar farfaɗiya, kuma jijjiga cikin ruwa ba ta da gyara. Shayi mai kauri, kofi da goro da yawa su ma suna tada bugun zuciya.

Komawa daki daki

Ba a komawa da gardama, ba a komawa don a rufe bakin masu dariya. Da fari mutum ya zauna bakin rijiya yana taya ja. In wannan ya daina tada mishi hankali, ya sauka ƙaramar rijiyar garka cikin fadama, wadda ba ta fi tsayin mutum biyu ba. Ya zauna ciki, ya yi numfashin da aka koya mishi, ya fito. Ya maimaita kwanaki. Sannan ya sauka babbar rijiya metir 5 a jawo shi, gobe metir 10. In gaba ya faɗi kaɗan, ya tsaya inda yake ya yi numfashi har ya lafa, don jiki ya koyi cewa abin yana wucewa. In ya yi yawa a fito da shi, a koma matakin baya. Nutso shi ne na ƙarshe. Kuma kada ya yi ta haki da sauri kafin ya nutsa wai don ya daɗe a ƙasa: wannan yana sa suma cikin ruwa ba tare da wata alama ba.

Igiya ta zama biyu. Ɗaya ta sauka, ɗaya ɗaure a ƙirji ƙarƙashin hammata, a hannun mutane uku ko huɗu waɗanda ba su da wani aiki sai ita. A shirya alama tun a sama: ja ɗaya lafiya, ja uku a fito da ni. In ya ja uku, ba tambaya, ba ba'a.

Wani abu kuma da ake mantawa: ba kullum laifin mutum ba ne, wani lokaci laifin rijiya ne. Akwai iska mai nauyi da ke kwanciya a gindin rijiya mai zurfi. Tana sa haki da bugun zuciya ko ga mai lafiya, kuma likitoci sun gano cewa ta fi saurin tada mai ciwon firgita. Saboda haka kafin kowa ya sauka a zura fitila mai wuta har kusa da ruwa. In ta mutu ko ta yi rauni, a dakata. A ɗaura ganye mai yawa a igiya a yi ta zurawa ana jawowa har iska ta sauya, a sake gwada fitila. Injin ban ruwa mai aiki da mai kuwa kada a kunna shi cikin rijiya ko dab da bakinta. Hayaƙinshi yana kisa, kuma fitila ba ta nuna shi. In mutum ya suma a ƙasa, a jawo shi da igiyar ƙirji. Kada ɗan'uwanshi ya bi shi a guje, domin haka ake rasa mutum biyu ko uku a rijiya guda.

Wasu sukan koma aikinsu bayan watanni. Wasu sukan tsaya ga ƙananan rijiyoyi. Wasu ba su sake sauka, kuma bai kamata maigari ko masu dabbobi su matsa musu ba, ko da layin shanu ya yi tsawo. Irin wannan mutum ya san ƙullin igiya, ya san muryar wanda ya fara wahala a ƙasa. Shi ya kamata a ba igiyar ƙirji da gwajin fitila, ya koya wa samari biyu ko uku sauka. In an tara kuɗin yasa, a fidda mishi kasonshi tare da na wanda ya sauka.