Gidan Baƙi A Kan Dutse: Lissafin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Yi Kafin Ya Zuba Jari

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Garwa ba sai an yi masa bayanin zafi ba. A watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, ta yadda mai hali ba abin da yake tunani sai inda zai gudu ya sha iska. To, a daidai wannan lokaci ne akan ji hira ta tashi a rumfunan kasuwanninmu, daga Fitowa zuwa Gider har Mubi, cewa ai da mutum zai samu fili a kan dutse, kamar Rumsiki ko Ngaundere, ya gina 'yan ɗakuna yana bai wa masu yawon buɗe ido haya, da ya huta da faɗi-tashin kan iyaka. Maganar ta ƙara ƙarfi tun daga shekarar 2023 da darajar naira ta zube, domin sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, kuma wanda ya ga jarinsa na narkewa a hannu dole ya nemi inda zai daskarar da shi.

Ba mu ce shawarar banza ba ce. Amma kafin mu kai ga dutsenmu, bari mu leƙa inda wannan sana'a ta yi shekara da shekaru, wato tsaunukan Alp na Faransa da Suwizalan, inda Turawa ke zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. A garuruwa irin su Shamoni, wanda ya karɓi gasar Olimfik ta hunturu ta farko a 1924, mutum kan sayi ɗaki a cikin bene, ya zo da iyalinsa mako ɗaya ko biyu, sauran lokacin ya damƙa makulli ga dillali ya nemo masa 'yan haya. Kakar tasu daga Disamba ce zuwa Afrilu, kuma ko a cikinta makonnin hutun makaranta ne ke kawo kuɗin kirki. Idan ƙanƙara ta yi jinkirin sauka, kamar yadda take yi a ƙananan tsaunuka saboda ɗumamar yanayi, baƙi su fasa zuwa, amma haraji da kuɗin gyara ba sa fasawa. Har suna Faransawa suka laƙaba wa ɗakunan da ba a kwana a cikinsu ko da mako huɗu a shekara, suna ce musu gadaje masu sanyi. A Suwizalan kuwa abin ya ishi jama'a, sai da suka kaɗa ƙuri'a a 2012 cewa irin waɗannan gidaje na hutu kada su wuce kashi 20 cikin 100 na gidajen kowane gari.

Abin lura a nan shi ne, mai gidan hutu yana sayar da abin da ba nasa ba ne. Gini nasa ne, gado nasa ne, amma abin da ya kawo baƙon ba ya hannunsa. A can ƙanƙara ce. A nan wajenmu zaman lafiya ne da hanya.

Rumsiki, ga wanda bai sani ba, ƙauye ne na Kapsikawa a cikin duwatsun Mandara, a gundumar Mayo-Tsanaga ta yankin Arewa Mai Nisa, kimanin kilomita 55 daga Mokolo, kuma bai fi kilomita 3 ba tsakaninsa da iyakar Nijeriya. 'Yan'uwansu ne ke zaune a ɗaya gefen, wajen Michika ta Jihar Adamawa. Dogayen duwatsun nan da suka miƙe tsaye kamar an kafa turaku, su ne hoton da Kamaru ta daɗe tana tallata kanta da shi a ƙasashen waje. Shekaru masu yawa Turawa na sauka a Garwa ko Marwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, su leƙa dajin Waza, su hau Rumsiki su kwana, su ziyarci bokan nan mai duba da ƙaguwa, su sayi kayan tagulla da saƙa. Masu masauki sun ci abinci, masu yi wa baƙi jagora sun ci, direbobi da masu dawaki sun ci.

Sai ranar 19 ga Fabrairun 2013, da 'yan Boko Haram suka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Dabanga, bayan sun fito daga Waza. An sako su a watan Afrilu, amma kafin shekarar ta ƙare an sake ɗauke wani limamin coci Bafaranshe a yankin Koza. A 2014 aka sace limaman coci biyu 'yan Italiya da wata mai hidimar coci 'yar Kanada a kusa da Marwa, sannan ma'aikatan hanya goma 'yan Sin a Waza. Daga nan ƙafa ta ɗauke. Dutsen bai gusa ba, iskar ba ta canza ba, ɗakunan na nan yadda aka gina su, amma ba mai kwana. Har yau ƙasashe irin su Faransa da Ingila na gargaɗin mutanensu game da zuwa yankunan kan iyaka na Arewa Mai Nisa, kuma kamfanonin da ke shirya wa Turawa tafiya ba sa tsallake irin wannan gargaɗi. A kan haka annobar korona ta zo a 2020 ta rufe iyakoki baki ɗaya.

Bari mu buga lissafi irin namu na 'yan kasuwa, da alƙaluman da muka ɗauka don misali kawai. A ce ka kashe sefa miliyan 20 ka gina ɗakuna huɗu, kana ba da kowanne a kan 15,000 a dare. Wanda ke son ya sayar maka da fili zai ninka maka da kwana 365, ya nuna maka za ka mayar da kuɗinka cikin shekara guda. Amma idan kowane ɗaki ya samu baƙo dare 40 ne kawai a shekara, abin da ya shigo miliyan 2 da dubu 400 ne. Cire albashin mai gadi na wata goma sha biyu, cire ruwa, wanda a kan dutse da rani sai an saye shi, cire man janareta ko batirin sola, cire gyaran rufi bayan damina. Abin da ya rage, kwatanta shi da abin da miliyan 20 za ta haifa idan tana juyawa a albasa ko atamfa ko shanun Adumri. Buhu idan ya ƙi tafiya a wannan kasuwa, ka ɗora shi a mota zuwa waccan. Bango ba ya hawa mota.

Akwai kuma maganar takarda, wadda a nan ne da yawa daga cikinmu ke faɗawa rami. A dokar filaye ta Kamaru, wadda tushenta ke cikin dokokin 6 ga Yulin 1974, takardar mallaka da ake kira titir fonsiye ita ce shaidar da hukuma ta sani. Takardar ciniki da aka rubuta a gaban lawan ko jauro, da shaidu da dangwalen yatsa, tana da daraja a cikin gari, amma ba ta mayar da kai mai fili a idon gwamnati. Filin da ke da titir kuwa, sai a gaban notar ake sayar da shi. Ga 'yan'uwanmu masu ɗauke da takardun Nijeriya ko Nijar ko Chadi, akwai wani shinge na daban: dokar ta yarda baƙo ya sayi fili ko ya yi haya mai tsawo da amincewar ministan filaye, amma ta cire yankunan kan iyaka daga ciki. To, wurin da ke kilomita 3 daga iyaka fa? Mun san dabarar da akan yi, a saya da sunan aboki ko suruki ɗan ƙasa. Ranar da abokin ya rasu, magadansa ne ke da gida, kai kuma kana da labari.

Bayan fili, sai izinin ma'aikatar yawon buɗe ido kafin a buɗe masauki, da rajistar sunayen baƙi da jami'an tsaro ke dubawa, da harajin kwana da aka shigo da shi a 2017, wanda ake karɓa a kan kowane dare gwargwadon darajar masaukin. Sannan wata tambaya da mutum zai yi wa kansa tun kafin ya aza tubali: baƙon hutu yakan nemi giya da abincinsa, wani kuma yakan zo da wadda ba matarsa ba. Alhajin da ba zai iya da wannan ba, gara ya san irin baƙin da yake gina wa ɗaki tun da wuri.

Ita Garwa ta ga nata darasin a watan Janairun 2022, lokacin da filin wasa na Rumde Ajiya ya karɓi rukunin Nijeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau a gasar cin kofin Afirka. Jama'a sun kwararo daga Yola da Mubi da Kano, masaukai suka cika, masu gidaje suka kwashe kaya suka ba da ɗakuna. Ranar 23 ga wata Tunisiya ta fitar da Nijeriya da ci ɗaya mai ban haushi, washegari motoci suka kama hanyar gida. Wanda ya share ɗakin da yake da shi ya ci riba. Wanda ya ci bashi ya yi gini saboda mako biyun nan, shi ya san yadda ya ƙare da masu binsa.

A ganinmu, abin da Garwa ta fi Rumsiki da shi ba kyan wuri ba ne, baƙon da ba ya jiran kaka ne. Ga hedikwatar kamfanin auduga na Sodekoton, ga makarantar koyon kula da namun daji da ke ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen Afirka tun 1970, ga jami'ar da aka kafa a 2022, ga filin jirgin sama, ga masu wucewa zuwa Chadi. Haka Ngaundere, wadda ke da sanyin tudu kuma ga tashar jirgin ƙasa mai zuwa Yawunde, ɗaki a can na iya samun ɗan hutu a bazara, ya samu falke da ma'aikaci sauran shekara. Ko a Mokolo da Marwa, bayan 'yan yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da suka biyo sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo, wanda aka buɗe a 2013, su ne suka riƙa neman wurin kwana.

Kuma wannan sana'a ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu sun san fatoma, mai saukar da fatake a zaurensa, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu masu saye, ya tsaya musu a kan bashi. Fatoma bai dogara da kuɗin ɗaki ba, la'adar ciniki ce abincinsa, kuma a gidan yake kwana, ya san wanda ya shiga da wanda ya fita. Wannan na ƙarshen shi ne abin da mai gida a kan dutse ya rasa. Kana Garwa ko Mbaibum kana fama da shago, gidanka na can tafiyar wuni, kuma littafin baƙi a hannun yaron da ka ɗauka yake. In ya ce maka ba wanda ya kwana a makon nan, da wa za ka tabbatar? Bature da ke da ɗaki a Shamoni yana da kamfanin dillanci da yarjejeniya a rubuce, yana ganin kowane baƙo ta intanet, kuma duk da haka dillalin na yankar kaso mai tsoka. A wajenmu, zuwa da kai ya fi aike, kuma hanyar Mokolo zuwa Rumsiki ba wadda mutum zai riƙa bi duk mako ba ce, balle da damina.