A Fitar da Kafur Daga Kayan Jarirai

Abu ɗaya ya ishe ni a gidajen masu jego a Jalingo, daga Sabon Gari har Magami. Da an buɗe akwatin kayan jariri sai warin kafur ya daki hanci, kaka na alfahari ko kyankyaso bai kusanci kayan ba. Kwana uku da haihuwa idon yaro ya yi ɗorawa, sai a ce ai shawara ce, a shanya shi a hantsi, a ɗura masa ruwan gulukos, asibiti kuwa sai bayan suna.

Ga alaƙar kafur da wannan shawara. Cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna G6PD. Shi ke kare ƙwayar da fatar da ta lulluɓe ta daga guba. Umarnin ƙera shi yana kan ƙwayar gado ta X. Namiji X ɗaya gare shi, daga uwarsa, shi ya sa ƙarancin sinadarin ya fi kama maza. A 1956 aka gano ƙarancin a Amurka, wajen binciken dalilin da maganin firimakwin ke farfasa jinin wasu mutane. Masu wannan ƙaranci sun kai miliyan 400 a duniya, kuma ya yawaita a ƙasashen zazzaɓin cizon sauro irin tamu.

Masu cewa "da kafur aka rene mu, ga mu garau" su saurara. Mai irin wannan jini lafiyarsa ƙalau, har sai ya gamu da abin da zai tayar masa. Ƙwallon kafur da ake sayarwa a kasuwa galibi naftalin ne, sinadarin da ke cikin masu tayar masa. Ba sai jariri ya haɗiya ba: yana shaƙarsa, fatarsa na tsotsa, musamman in an mulke shi da mai. Daga nan jinin ya shiga fashewa, ɗorawar ta taru fiye da yadda hantarsa za ta iya kwashewa, ta haura ƙwaƙwalwa. Yaron da ya rayu yana iya tashi kurma, ko wuya ya ƙi tsayawa, ko ya kasa zama da tafiya har abada. Sai a ɗora wa aljanu ko kishiya. Haba jama'a! Ku da kuka tsira Allah ne ya kiyaye, ba hujja ba ce ta jefa jika cikin haɗari. Hantsi bai isa ya kawar da shawara mai tsanani ba, gulukos kuma ba maganinta ba ne.

Ba kafur kaɗai ke jawo shawara ba, akwai wadda saɓanin jinin uwa da ɗa, ko haihuwar bakwaini ke kawowa, amma ta kafur ana iya kauce mata.

Tun kafin haihuwa a zubar da kafur, a wanke kayan sarai, a shanya. Kada a shafa man zafi mai mentol a cibiya, kada a sa wa jariri lalle. Kullum a makon farko a duba idonsa da dasashinsa a hasken rana. In an ga ɗorawa, ko ya ƙi nono, ko kukansa ya zama mai tsini, a kai shi asibitin FMC ko Asibitin Ƙwararru na jiha a ranar. Likita zai auna jini, ya sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, in abin ya yi nisa a sauya masa jini. A nemi gwajin G6PD. In an samu ƙarancin, a riƙa sanar da duk likitan da zai rubuta masa magani, a daina saya masa Septrin a kemis. Maigida, kuɗin rago ya jira, asibiti ne farko.