Kunkuru da Bam ɗin Atom: Shin Dabarar Shiga Ƙarƙashin Tebur Shirme Ce?

A shekarar 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗinta na atom na farko, hankalin Amurkawa kuwa ya tashi matuƙa. Cikin matakan da hukumar kare farar hula ta ƙasar ta ɗauka har da shirya wani gajeren fim na minti tara mai suna Duck and Cover, wato "duƙa ka kāre kanka", wanda aka fara nuna wa 'yan makaranta a 1952. Tauraron fim ɗin wani kunkuru ne na zane mai suna Bert, wanda da ya ga haɗari sai ya janye kansa cikin ƙoƙon bayansa. Darasin ɗaya ne: da zarar ka ga haske mai kashe ido, faɗi ƙasa, shige ƙarƙashin tebur, rufe fuska da ƙeya.

Da tafiya ta yi tafiya sai fim ɗin ya zama abin dariya. A 1982 wani fim mai suna The Atomic Cafe ya yanko sassansa don yi wa farfagandar gwamnati ba'a, kuma har yau masu kallonsa sukan ce: ina teburin katako, ina makamin ƙare-dangi? Tambayar tana da ma'ana, amma kimiyya ba ta yarda da ita ɗungurungum ba.

Ɗalibi ya tuna da damina. Walƙiya kake fara gani, sa'an nan daga baya ka ji tsawa. Dalili shi ne haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, sauti kuwa bai wuce kimanin mita 340 ba, wato sai ya yi daƙiƙa uku kafin ya ci kilomita ɗaya. Haka bam ɗin atom yake. Haske da zafinsa nan take suke isowa, amma bugun iska mai rusa gini, ko da yake da farko ya fi sauti gudu, yana rage sauri har ya kusan daidaita da shi. Mutumin da ke nesa da kilomita biyar yana da daƙiƙa goma da 'yan kai tsakanin haske da bugu. Abin takaici, ɗabi'ar ɗan Adam ita ce ya ruga taga ya ga abin da ya haska, daidai lokacin da gilashi ke shirin tarwatsewa a fuskarsa.

An ga wannan ƙarara ranar 15 ga Fabrairu, 2013, ba tare da wani yaƙi ba. Wani dutse daga sararin samaniya ya fashe a saman birnin Celiyabinsk na Rasha. Jama'a suka yi cirko-cirko a tagogi suna kallo, sai bayan fiye da minti ɗaya bugun ya iso. Kimanin mutum 1,500 suka nemi magani, galibinsu yankan gilashi ne. A wata makaranta kuwa, wata malama da ta ga hasken ta umarci yara 44 su shige ƙarƙashin tebura. Ita ta ji rauni, amma yaran sun tsira lafiya. Dabarar kunkuru ke nan.

To ina laifin fim ɗin? Laifinsa yana cikin abin da ya yi shiru a kai. Wanda ke kusa da inda bam ya faɗi, tebur ba ya yi masa komai. Kuma fim ɗin ya tsufa tun yana sabo: bam ɗin Hiroshima ƙarfinsa kamar tan 15,000 ne na nakiya, amma a Nuwamban 1952 Amurka ta gwada bam ɗin haidirojin wanda ya ninka shi sau ɗaruruwa. Sa'an nan ga ƙurar guba, wato ƙasa da toka da fashewar ke ɗagawa sama, su gauraya da burbushin nukiliya, iska ta kwashe su ta zubar a wani wuri. A gwajin da aka yi a tsibirin Bikini ranar 1 ga Maris, 1954, irin wannan toka ta sauka a kan wani jirgin masunta na Japan mai nisan fiye da kilomita 100. Dukan mutum 23 da ke ciki suka kamu da ciwo, ɗaya ya rasu bayan watanni. Tsoron wannan ƙura na cikin dalilan da suka sa Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a 1961, saboda gwaje-gwajen da take yi a Saharar Aljeriya. Maganin ƙurar shi ne zama cikin gini mai kaurin bango na kwanaki, domin kaifinta yana raguwa da sauri a kwanakin farko.

A 2004 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa fim ɗin cikin jerin finafinan da za a adana saboda muhimmancinsu ga tarihi.