Tseren Keke Mai Dogon Zango: Lissafi Kafin Ƙarfi

A ƙasar Kagoma keke abin sufuri ne, da shi manomi kan kai buhun citta kasuwa. A Turai kuwa akwai masu taka shi kwana da kwanaki don tsere. Misali shi ne gasar Transcontinental, wadda wani ɗan Ingila, Mike Hall, ya ƙirƙiro a 2013, aka fara daga Landan zuwa Istanbul. Tsawonta yakan kai kimanin kilomita 4,000, wato kamar daga Legas zuwa Kano sau huɗu.

Ƙa'idar gasar ita ce ba mai taimakon ɗan tsere, kuma agogo ba ya tsayawa dare da rana. Shi zai tsara hanyarsa ta wuraren tantancewa, ya sayi abincinsa, ya yi wa tayarsa faci. Lissafi mafi wuya shi ne na barci: in ya yi yawa a wuce mutum, in ya yi kaɗan hankali ya gushe a kan titi. Titin kuwa ba shi da sabo, domin mota ce ta kashe Hall a wani tsere a Ostareliya a 2017.

To, yaya ake kallo? Kowane keke yana ɗauke da na'urar GPS, sai ya bayyana kamar ɗigo a taswirar intanet. Ta haka jama'a suka bi Fiona Kolbinger, Bajamushiya, har ta zama mace ta farko da ta lashe gasar a 2019, cikin kwana 10 da 'yan awoyi. Lallai Bahaushe ya yi gaskiya: tafiya sannu sannu, kwana nesa.