Littafin Fitowa: Kada Karatu Ya Tsaya a Bakin Teku

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega zai ratsa Boɗinga, ya ratsa Shagari. Ƙasa ce ta malamai da tarihi. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, a garin Shagari kuma aka binne tsohon shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari a 2018. Kiristoci ba su da yawa a wannan yanki, galibinsu ma aiki ne ko neman abinci ya kawo su: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, 'yan kasuwa da matasa masu yi wa ƙasa hidima. Ga irin waɗannan masu bi, da ke zaune tsakanin maƙwabta Musulmi, akwai littafi ɗaya a Tsohon Alkawari da ya cancanci su san shi ciki da bai, wato Fitowa.

Kusan kowa ya san guntun labarin tun daga makarantar Lahadi: jariri a kwando a bakin kogin Nilu, kurmi mai cin wuta, annoba goma, teku ya tsage biyu. Sai dai littafin sura 40 ne, Isra'ilawa kuwa a sura ta 14 suka haye. Mai karatun da ya rufe littafi a nan ya bar sura 26 a baya, kuma a cikinsu ne aka bayyana abin da ya sa aka 'yantar da mutanen.

Dalili na farko na karanta shi shi ne, yana nuna yadda zalunci yake ginuwa. Bautar Masar ba da sarƙa ta fara ba, da tsoro ta fara. Sabon sarki da bai san Yusufu ba ya dubi baƙin da ke ƙasarsa, ya ga sun yi yawa, ya ce wata rana za su haɗa kai da abokan gaba. Daga zargi aka koma aikin tilas na gina biranen ajiya, daga nan aka kai ga kashe jarirai maza. Sura ta 5 kuwa duk wanda ya taɓa kwaɓa ƙasar gini zai gane ta: an hana bayi ciyawar da ake cuɗa tubali da ita, aka ce su nemo da kansu, amma kada adadin tubalin ya ragu. Da suka kasa sai aka kira su ragwaye, aka yi wa shugabanninsu bulala. Har gobe haka azzalumi yake yi, ya hana kayan aiki, ya ƙara nauyi, sannan ya ɗora laifi a kan wanda ya danne.

Littafin ya kuma nuna inda ceto ya soma. Kafin Musa ya buɗe baki a fada, mata ne suka fara ƙin umarnin Fir'auna: ungozomai biyu da suka ƙi kashe jarirai, uwa da ta ɓoye ɗanta wata uku, yarinya da ta tsaya gadin ƙaninta, da 'yar sarkin kanta da ta ji tausayi. Babu mai takobi a cikinsu. Matan zumunta da ma'aikatan jinya suna da abin dubawa a nan.

Dalili na biyu, tarihinmu ne. Bauta ba tatsuniya ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san rinji, sun san murgu, sun san fansa. Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na wannan shekara ɗa ne, ba bawa ba, amma sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Arewa. Shi kansa Littafi Mai Tsarki na Hausa yana da sawun 'yantaccen bawa a tarihinsa. Dorugu, yaro Bahaushe daga wajen Damagaram da aka kama aka sayar, ya samu 'yanci, ya bi matafiyin nan Barth zuwa Ingila a 1855. A can ya zauna da Schön, ɗan mishan da ya zurfafa Hausarsa daga bakin yaron, wanda kuma ya buga fassarar Fitowa a 1859, shekaru da dama kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932.

Masu bayi ma sun san ƙarfin wannan labari. A 1807 an buga wani taƙaitaccen Littafi Mai Tsarki a Landan domin bayin tsibiran Karibiyan. An bar musu Dokoki Goma, amma aka yanke labarin fita daga Masar, don kada bawa ya karanta ya yi tunani. Duk da haka labarin ya isa kunnen bayi a Amurka, har suka riƙa kiran Harriet Tubman da sunan Musa saboda mutanen da ta kuɓutar. Abin lura shi ne, masu bayi sun yanke rabin farko, mu kuma yau rabin ƙarshe muke tsallakewa.

Wannan rabin shi ne dalili na uku, kuma shi ya fi nauyi. A Dutsen Sina'i, kafin Allah ya ba da doka ko ɗaya, sai da ya tuna musu cewa shi ya fisshe su daga gidan bauta. Dokokin da suka biyo baya amsa ce ga abin da suka sha a Masar. An hana su hutu, don haka ranar hutu ta shafi bara da baiwa da baƙo har da dabba. An cuce su suna baƙi, don haka aka hana su cutar baƙo, da gwauruwa, da maraya. Wanda ya karɓi mayafin talaka jingina, ya mayar masa kafin rana ta faɗi. Kada a karɓi cin hanci, kada a karkatar da shari'ar matalauci. Sura ta 21 ta sa satar mutum cikin laifuffukan da hukuncinsu kisa ne, ko an sayar da shi ko an same shi a hannun ɓarawon. A jihar Sakkwato, inda garkuwa da mutane ta hana manoma zuwa gona a wurare irin su Isa da Sabon Birni, wannan aya ba ta buƙatar dogon sharhi.

Gaskiya ne littafin bai soke bauta kai tsaye ba. Ya iyakance ta: bawa Ba'ibrane ya fita a shekara ta bakwai, wanda ubangidansa ya fasa wa ido ko ya cire wa haƙori ya tafi a 'yantacce. Mai karatu na gari ba zai ɓoye wannan ba, zai dai lura da inda dokar ta fuskanta.

A nan ne ake buƙatar hattara. Abu ne mai sauƙi mutum ya karanta Fitowa ya sa kansa a sahun Isra'ilawa, ya manna wa wanda yake ƙi sunan Fir'auna. Ana jin irin wannan wa'azi, musamman lokacin zaɓe ko bayan rikici. Amma littafin bai shafa wa mutanensa mai a baki ba. Ba su daɗe da hayewa ba suka fara gunaguni, suna marmarin tukwanen naman Masar, a sura ta 32 kuma suka ƙera ɗan maraƙin zinariya, da hannun Haruna kansa. Laifi tudu ne. Mai shagon da ke riƙe albashin yaronsa, uwar gidan da 'yar aikinta ba ta san ranar hutu ba, jami'in da ke tatsar direbobi a shingen hanya, kowannensu ya tambayi kansa a wane gefen labarin yake tsaye.

Dalili na huɗu, sai da Fitowa ake fahimtar Sabon Alkawari. Yesu ya ci jibinsa na ƙarshe da almajiransa a lokacin Idin Ƙetarewa, idin da sura ta 12 ta kafa. Maganar ɗan rago, da jini, da gurasa marar yisti, da alkawari, duk daga can suka samo tushe. Wanda ke cin Jibin Ubangiji bai san daren fita daga Masar ba, ma'ana mai yawa tana wuce shi.

Sannan ga zaman tare. Musulmin Boɗinga da Shagari sun san Annabi Musa da Fir'auna tun suna makarantar allo. Babu annabin da Alƙur'ani ya ambaci sunansa da yawa kamarsa, azumin Ashura na ranar 10 ga Muharram kuma yana da alaƙa da kuɓutarsa daga Fir'auna. Akwai bambanci tsakanin ruwayoyin biyu, ba kuma sai an yi musu a kansa ba. Amma Kiristan da ya san nasa littafin zai iya hira da abokin aikinsa cikin ilimi da mutunci, domin dukansu sun yarda cewa Allah yana jin kukan wanda aka zalunta.

Karatun ba wuya: sura ɗaya a rana, kwana 40 an sauke. A gida ko a taron matasa, a karanta da babbar murya, kada a gudu daga surorin doka don ba su da armashin labari. A ƙarshen kowace sura a yi tambaya biyu: daga me Allah yake kuɓutar da mutane a nan, kuma wa ke ƙarƙashin hannuna da ya kamata in sassauta wa? Wanda ya amsa ta biyun da gaskiya, lebura da ɗan aiki da wanda yake bi bashi za su riga fasto sanin cewa ya karanta Fitowa.