Kuɗin tikitin kasuwa: wa za mu tambaya?

Ƴan kasuwar Tasawa da Mayahi, mu tuna shekarar 2004 da muka zaɓi kansalolinmu, su kuma suka fidda magajin gari. Tikitin da mai ƙosai da mai awo ke yanka, asusun gari yake shiga. In shara ta taru ko rumfa ta faɗi, mun san wanda za mu tara.

A Afrilun 2024 gwamnatin Yamai ta rushe majalisun, ta naɗa wakilanta. A Oktoba ta hana fitar da hatsi da wake, sai zuwa Mali da Burkina, alhali Najeriya ce babbar kasuwar wakenmu.

Doka daga Yamai, kuɗi daga aljihunmu. Mu adana tikiti, shugabannin kasuwa su nemo mana bayanin inda kuɗin ke tafiya.